Jirgin Ƙasa Da Kuɗin Dako

Muna gai da dattawa, muna gai da malaman azuzuwa, muna gai da ku 'yan aji duka, na Gumel da na Maigatari, na Gagarawa da na Sule Tankarkar. Yau za mu ɗan ajiye allo da alli, mu yi maganar jirgin ƙasa. Mun san wani zai ce a ransa, ina ruwan manomi da jirgi, shi da bai taɓa yankar tikiti ba? To, a yi haƙuri a ji.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga manyan motoci sun yi layi. Wannan ana loda mata shanu, waccan tumaki da awaki, wata riɗi, wata zoɓo. Mafi yawansu kudu suka nufa, Ikko, watau Legas, ko Fatakwal, ko Anacha. Kowace mota sai ta sha mai, sai ta ci taya, sai an biya direba da yaransa. Wa ke biyan wannan kuɗi? Kada ku ce ɗan kasuwa. Shi ɗan kasuwa ya san abin da buhun riɗi zai yi a bakin teku. Sai ya cire kuɗin dako, ya cire ribarsa, abin da ya rage da shi ya ke taya kayanka. Kun ga ashe daga buhunka aka biya motar. Haka kuma in damina ta ƙarato, ka je sayen taki, ko gishiri, ko siminti, an riga an ɗora kuɗin motar da ta kawo su a kan farashi. Watau manomin ƙasar Gumel sau biyu ya ke biyan dako, da kaka ya biya, da bazara ya biya. Tun da man gas ya yi tsada a 2022, aka kuma janye tallafin fetur a 2023, ba wanda bai ji a jikinsa ba.

Alhali kuwa ga hanyar dogo nan ta ratsa ƙasarmu. An fara shimfiɗa ta daga Ikko tun kafin 1900, ta iso Badun a 1901. Jirgi ya fara shiga Kano a 1911. Daga Kano aka ja reshe ya yi gabas, ya bi ta Ringim da Taura, ya zo Gagarawa, ya wuce Malam Madori da Birniwa, ya tsaya Nguru a 1930. Tsawonsa mil 143, wajen kilomita 230 ke nan. Saboda wannan tasha ne har yau a ke cewa Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Ba don shan iska aka yi hanyar ba. Don gyaɗa aka yi ta, da fatu da ƙiraga, da ƙaro, da shanu. Dattawan da ke nan sun fi mu sani. Sun ga jakuna da raƙuma suna sauke kaya a tasha, waɗansu ma daga ƙasar Damagaram suka fito, suka ratso ta Maigatari da Gumel.

A 1964 jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. Kafin 1974 fasinjan sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kayan kuwa sun koma wajen tan miliyan 1. Daga baya abin ya ƙara ja da baya. Wanda ya zauna inuwar tashar Gagarawa ya sani, jirgi ba ya wucewa kamar da.

Bari mu tsaya a kan dalar gyaɗa, don akwai abin lura a cikinta. Kowa ya ji labarin dalar gyaɗa ta Kano, an kuma yi irinta a Malam Madori, kusa da mu. Dala guda ta kan ci buhu wajen 15,000. Muna alfahari da ita, ya kuwa kamata, gama gumin iyayenmu ne. Amma ku tambayi kanku, don me aka tara ta? Gyaɗa ba abin kallo ba ce. An tara ta ne don jirgi ya kasa kwashe ta da wuri. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, kawunan jirage sun tsufa, kayan gyara sun yi wuya, taragai ba su isa ba. Gyaɗar bana ta kan iske ta bara ba a kwashe ba. Tana nan rufe da tamfal, ƙwari suna cin rabonsu. Kun ga dala arziki ce, amma kuma layi ce ta masu jiran jirgi. Manomi ya yi nasa, hanya ce ta gaza.

To, mene ne ke sa hanya ta ɗauki kaya da yawa, ko ta gaza? Mutane da dama suna tsammani sai an sayo sababbin jirage. Sayen jirgi yana da amfani, amma sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba.

Hanyarmu guda ɗaya ce. Jirgin da ya taso daga Kano da wanda ya taso daga Nguru, dogo ɗaya su ke bi. Mota in ta ga 'yar'uwarta sai ta ratse gefe. Jirgi ba shi da sitiyari, ba ya ratsewa. Saboda haka a tashoshi a kan yi wata 'yar hanya a gefe, wadda ta fita daga babbar hanya ta sake komowa cikinta. Nan ɗaya zai shiga ya tsaya, ɗayan ya wuce. Kamar turba ce a tsakiyar gonakin gero da damina, wadda amalanke biyu ba sa iya giftawa sai a inda aka bar fili. In kun hango juna, dole ɗaya ya jira a filin.

Tsakanin tasha da tasha kuwa ba a yarda jirgi biyu su shiga lokaci guda ba. A da ga yadda a ke yi. Akwai wata 'yar sandar ƙarfe da shugaban tasha ke miƙa wa direba, ita ce izinin shiga hanya. Sandar tana cikin wani akwati, akwatin kuwa a haɗe ya ke da na tashar gaba ta wayar tangaraho. In an zare sanda a nan, ba a iya zare wata a can, sai direba ya isa an mai da tasa cikin akwati. Dabara ce mai kyau, ta tsare rayuka masu yawa. Aibinta ɗaya, in waya ta yanke kowa ya tsaya. Mu ma abin ya taɓa cin mu. Wata shekara muka wuni a wata ƙaramar tasha, tun daga azahar har aka yi sallar lisha, ga direba, ga mai a tanki, ga hanya fayau, amma ba izini, don ɓarayi sun yanke waya. Masu tallar dafaffen ƙwai kaɗai suka ji daɗin ranar.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, irin wanda muka koya. A ce tsakanin tasha biyu tafiyar sa'a ɗaya ce. Kwana yana da sa'a 24. Ke nan ko an yi ƙoƙari iyakar ƙoƙari, jirage 24 ne za su ratsa wurin a kwana, 12 su yi gabas, 12 su yi yamma. A gaskiya ma ba za su kai ba, don sai an bar lokacin duba hanya da gyaranta. To, a ce an yi wurin kaucewa a tsakiya. Tafiyar ta rabu biyu, rabin sa'a rabin sa'a. Jiragen da za su iya wucewa sun kusa ninkawa, ba a kuwa shimfiɗa sabuwar hanya ba, 'yar guntuwa kawai aka ƙara. Haka nan in hanyar ta lalace har direba yana lallaɓawa kilomita 20 a sa'a, aka gyara ta ya koma 40, nan ma an ninka. Amma a lura, gyaran sai a fara shi daga inda ya fi muni. Ayari ba ya wuce saurin gurgun jakin da ke cikinsa. In ka gyara ko'ina ka bar gada ɗaya mai rauni, duk jiragen a bakin gadar za su taru.

Tsawon wurin kaucewar shi ma abin dubawa ne. In tarago 20 kaɗai ya ke ci, jirage biyu masu tarago 40 ba za su iya kauce wa juna a nan ba. Ƙara masa tsawo ya fi sayen kan jirgi araha nesa ba kusa ba, ga shi kuma direba ɗaya zai ja kayan da da sai biyu.

A zamanin yanzu an sami abin da ya gaji sandar nan. A kan sa wa kan jirgi wata na'ura mai magana da tauraron ɗan adam, irin wadda ke cikin wayoyin hannunmu tana nuna inda mutum ya ke. Sai ma'aikaci guda ya zauna a ofis, gabansa kwamfuta, yana ganin kowane jirgi da inda ya kai. Shi zai ce wannan ya jira a Ringim, wancan ya ƙarasa Gagarawa tukuna, ya gaya wa direba ta rediyo. Aikin madugu ke nan. Madugun kirki tun kafin a ɗaura kaya ya san zangon da za a kwana, da rijiyar da za a sha, da inda za a gamu da wani ayari. Wannan ma haka. Ya kan kuma raba lokaci, don jirgin fasinja mai sauri ne, na kaya mai nauyin jiki. In aka cakuɗa su ba tsari, mai sauri ya yi ta cin dugadugan maras sauri, duka biyu su makara.

Ga wani lissafin, wanda a ganinmu ya fi na farko muhimmanci. A ce tarago ɗaya yana cin tan 30, watau buhu 300 masu kilo ɗari ɗari. Jirgi mai tarago 20 ya ɗauki buhu 6,000 ke nan, kayan tirela 20. Daga Ikko zuwa Kano ta tsohuwar hanya kilomita 1,126 ne. In aka ƙara na Kano zuwa Gagarawa ya haura 1,200, amma mu bar shi 1,200 don sauƙi. Jirgin da ke tafiyar kilomita 30 a sa'a zai cinye wannan cikin sa'a 40. Zuwa da komowa sa'a 80, ko kwana 4 bai cika ba. To, in aka ce tarago ya tafi bai komo ba sai bayan kwana 20, ina ya yi sauran kwana 16? A tsaye ya yi su. Yana jiran a loda, yana jiran kan jirgi, yana jiran takarda, yana jiran a sauke. Taragon da ke komowa a kwana 20, sawu 18 zai yi a shekara, buhu 5,400. In aka rage jiran ya koma kwana 10, sawu 36 zai yi, buhu 10,800. Tarago ɗaya ya zama biyu, ba a kashe ko kwabo wajen maƙera ba. Duk mai jakin haya ya san wannan magana. Jaki yana cin dusa ko ya yi aiki ko bai yi ba.

Sa'an nan akwai komowa wayam. In tarago ya kai riɗi Ikko ya komo ba kome a cikinsa, riɗin nan shi zai biya zuwa, shi zai biya komowa. In kuwa ya komo da taki, ko gishiri, ko siminti, an raba nauyin biyu. Wannan ba aikin injiniya ba ne, aikin shiri ne tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgi.

Mu zo kan ita kanta hanyar. Dogo yana kwance a kan katakai ko ƙarafa ko siminti da aka jera a gicciye, su kuma suna kwance a kan tsakuwa. Tsakuwar nan ba ado ba ce. Ita ke riƙe hanya kada ta goce, ita ke bari ruwan sama ya tsiyaye. Maƙiyan hanya a ƙasarmu biyu ne, rairayi da rani, ruwa da damina. Iska ta kan koro rairayi ya cike tsakanin tsakuwa, har ya hau kan dogo. Ruwa kuwa in ya iske kwalbati a toshe sai ya nemi hanyarsa, ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashi, ya bar dogo yana lilo. Ba mu manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba, da ɓarnar da suka yi a Jihar Jigawa. Yashe kwalbati kafin ruwan fari aikin lebura biyu ne da shebur. Gyaran hanyar da ruwa ya yanke kuwa sai an yi watanni, sai an kashe miliyoyi. Rigakafi ya fi magani. A ƙasashen da suka ci gaba akwai taragon awo, mai na'urori a cikinsa, yana tafiya yana rubuta inda hanya ta lotsa da inda ƙarfe ya fara tsagewa, a je a gyara tun bai karye ba. Kafin a kai ga wannan, ko helma da leburorinsa su riƙa taka hanya kullum da guduma, kamar yadda a ke yi a da, ya rage asara.

Kada wani ya ce ai rairayinmu ya yi yawa. A ƙasar Muritaniya akwai hanyar jirgi mai kilomita 704, an buɗe ta a 1963, ta ratsa tsakiyar hamada daga Zuwerat, inda a ke haƙar tama, zuwa Nuwadibu a bakin teku. Ita ma guda ɗaya ce kamar tamu. Jirgi ɗaya ya kan ja tarago wajen 200, tsawonsa ya fi kilomita 2. Suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, share rairayi. A shekara hanyar tana ɗaukar fiye da tan miliyan 10, watau ya ninka abin da duk jiragen Nijeriya suka ɗauka a 1964 fiye da sau uku. Gaskiya ne nasu ya fi sauƙi, don kaya iri ɗaya ne, daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya. Amma dai mun ga rairayi bai hana ba, kasancewar hanya ɗaya ma bai hana ba.

Saura maganar abin da jirgi ke ci. Wanda ya taɓa tura baro cikin rairayi, ya kuma tura shi a kan daɓe, ya san bambanci. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, a kan ƙarfe ta ke gudu, saboda haka ƙarfi kaɗan ke jan nauyi mai yawa. Masu lissafi a Amurka sun ce man da jirgi zai sha ya kai kaya wani wuri, motoci sai sun sha ninkinsa uku ko huɗu kafin su kai kayan. Asalin arahar jirgi ke nan.

Jiragen farko kwal su ke ci, wanda aka gano a ƙasar Inugu a 1909. Ku duba wahala. Sai an ɗauko kwal tun daga Inugu a cikin taragai, taragan da da gyaɗa za su ɗauka. Sai an tanadi ruwa mai yawa a tashoshi, a ƙasar da rijiya ke da gaba da yawa. Duk da haka, cikin kashi 100 na zafin kwal ɗin, abin da ke zama ƙarfin ja bai kai kashi 10 ba, saura hayaƙi ne da tururi. Daga 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka fara kawo masu shan man gas. Waɗannan su kan mori wajen kashi 30, ba su kuma bukatar ruwa irin na da. Akwai kuma na lantarki, irin wanda aka fara cikin birnin Ikko a 2023. Na lantarki yana da wata hikima. In direba ya taka birki, injin ya kan juya ya zama mai ba da wuta, wutar ta koma hanya wani jirgin ya mora. Amma kafa turaku da wayoyi ɗaruruwan kilomita kuɗi ne mai yawa, ba ya biya sai inda jirage ke bin juna ba hutu, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Mu dai ba mu ga wannan shi ne abin nema a hanyar Nguru yanzu ba. Wanda bai sami tuwo ba, ba ya rigimar miya.

Abin da za a iya yi a nan shi ne tattalin man da ke akwai. Mai amalanke ya sani, tayar da kaya daga tsaye shi ke gajiyar da shanu, in an mirgina kuwa sai tafiya. Jirgi ma haka. Kowace tsayawa ta banza mai ce ta ƙone. Direban da ya san hanyarsa ya kan rage wuta tun daga nesa, ya bar jirgi ya gangara da nauyinsa har tasha, maimakon ya zo a guje ya daddage birki. In madugun ofis ya gaya masa wanda zai gamu da shi ya makara, sai ya sassauta, ba amfanin ya yi sauri ya je ya yi zaman jira. Kan jirgin da aka bari yana ruri a tasha wuni guda, shi ma kuɗi ne ke tashi sama. Fitilun tasha kuwa, da rediyo, da famfon ruwa, duka hasken rana ya ishe su. Rana dai ba mu da ƙarancinta.

Akwai wata magana da ya kamata ku sani, don ta shafe mu ƙwarai. Tsohuwar hanya faɗinta ƙafa 3 da inci 6 ne. Sababbin da a ke yi yanzu ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Irinsu ce ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Ikko zuwa Badun a 2021. Irinsu ce kuma ta Kaduna zuwa Kano, da ta Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka fara aikinsu a 2021. Ta Maraɗi za ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ba ta biyo ta ƙasar Gumel ba. Jirgin ƙaramar hanya kuwa ba ya hawa babba, na babba ba ya hawa ƙarama. Ke nan kayan da aka loda a Gagarawa, in za su bi sabuwar hanya, sai an sauke su a Kano an sake lodi. In buhu buhu za a yi, kwanaki za su tafi, buhuna su yage, kuɗin 'yan dako ya ƙaru. In kuwa cikin kwantena su ke, watau manyan akwatunan ƙarfen nan, sai inji ya ɗaga akwatin ɗungum ya ɗora a wancan tarago. An buɗe tashar irin waɗannan akwatuna a Kano a 2023, ana ce da ita tashar tsandauri ta Dala. Akwai kuma dabarar ƙara dogo na uku a hanya ɗaya, don manya da ƙananan jirage duka su bi.

Maganar haɗuwar hanya da hanya ba ƙarama ba ce. Maƙwabtanmu na Nijar sun shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, wajen kilomita 140. Ba a haɗa shi da wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya Paraku ba, saboda haka bai yi dakon da aka yi shi dominsa ba. Mu tamu a haɗe ta ke da Kano tun 1930. Abin tsoro shi ne a gama sababbi a manta da ita.

Shanu fa? A da jirgi ke kai shanu kudu daga Nguru da Kano. A 2016 an sake gwadawa, aka ɗauki wajen 500 daga Gusau zuwa Ikko. Wanda ya ga yadda sa ke isa kudu bayan kwanaki a tsaye cikin mota, ya rame, wani ma ya karye, ya san abin da makiyayi ke asara. Kasuwa irin ta Maigatari, da tasha irin ta Gagarawa a kudu da ita, da hanyar mota ta Gumel a tsakaninsu, ba su rasa abin yi da juna ba. Amma jirgi ba ya tsayawa don buhu 10 ko shanu 5. Sai kaya sun taru wuri ɗaya, a rana ɗaya sananniya. In manoman ƙauye 10 suka haɗa kai, suka cika tarago 2, suna da bakin magana. Wannan yana bukatar rumfar ajiya a tasha, da sikeli na gaskiya, da mutumin da ya iya karanta takardar kaya ya ga an rubuta buhu 300 ba 280 ba. Mutumin nan muna so ya fito daga cikinku.

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, wanda ya ba jihohi ikon yin doka a kan jirgin ƙasa da gina hanyarsa. A da wannan na Gwamnatin Tarayya ne kaɗai. Saboda haka yanzu in ɗan majalisarku ya zo daga Dutse, kuna da damar tambayarsa. Kada ku tsaya ga cewa a kawo mana jirgi. Ku tambaye shi, wace rana zai riƙa zuwa, tarago nawa za a ba Gagarawa, nawa ne dakon buhu zuwa Kano, wa zai yashe kwalbatoci kafin damina.

Mu ma akwai namu laifin, mu faɗa. Akwai masu kwasar tsakuwar hanya su yi daɓen ɗaki. Akwai masu kwance ƙusoshi da ƙarafa su kai wa 'yan gwangwan. Wanda ya sayar da ƙarfen naira dubu kaɗan, yana iya kifar da jirgi da mutane a ciki, ko ya hana gari duka arahar dako shekara da shekaru. In kun ga ana yi, ku gaya wa mai unguwa ko dagaci, maganar ta kai ga hakimi. Masu kiwo kuma a riƙa ƙetarawa da dabbobi ta inda aka tanada, a duba gabas a duba yamma, ko da an daɗe ba a ga jirgi ba. Jirgin kaya mai lodi, in yana gudu, ya kan yi kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya, ko direba ya gan ka ba abin da zai iya. Waɗanda gonakinsu ke bakin hanya, kada a yi huɗa har gindin tsakuwa. A bar gamba da sabara su riƙe ƙasa, in da hali a dasa darbejiya ko dakwara daga can baya, su tare iska. Dakwarar ma ga ƙaro.

Ga aikin da za mu bar muku kafin haɗuwa ta gaba. 'Yan ajin Maigatari da na Gumel, ran Alhamis mutum biyu su zauna bakin hanya daga azahar zuwa magariba, su ƙirga manyan motocin da suka yi kudu, su rubuta abin da kowace ta ɗauka. 'Yan ajin Sule Tankarkar su tambayo kuɗin dakon buhu ɗaya zuwa Kano, na bana da na bara. 'Yan ajin Gagarawa su nemi dattijon da ya yi aiki a tasha, su tambaye shi jirgi nawa ke wucewa a mako a zamaninsa, da irin kayan da a ke lodawa. Kowa ya rubuto da hannunsa, ya ba malaminsa. In Allah ya kai mu, za mu haɗa lissafin a kan allo, mu ga tarago nawa kasuwar Alhamis ɗaya za ta cika.